Sunan Mushe Habu a ƙarshen wasan salula

Shekara huɗu ke nan da muka kai Mushe Habu makwancinsa a Tibiri. Aminina ne tun muna samari. Shi ya bi lakwal, wato makarantar boko, har ya zama malami ana ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ni na tsaya a aji uku na koma lambun mahaifina a Jiratawa.

Ni na kai masa mutanen. Wasu masu haɗa wasan salula ne, irin wanda ake gina birni a tara dawaki a ci ƙasashe kamar zamanin da. Suna neman wanda zai rubuta musu maganganun sarakunan Gobir da Katsina cikin harshen Hausa. Habu ya yi ɗari-ɗari. Na ce masa, "Haba Mushe, mutanen kirki ne, ni na tsaya musu." Ashe na tsaya wa abin da ban sani ba.

Yana jinya yana rubutu. Kirari ɗaya sai ya hau kabu-kabu ya je ya tambayi tsofaffin makaɗa kafin ya sa biro. Sun yi masa alkawarin ba za su taɓa ko kalma ba sai da saninsa. Ya rasu wasan bai fito ba.

Da ya fito, na ga abin da suka yi. Sun yanka, sun cakuɗa da wata Hausa marar kai marar gindi. Kirarin Gobir ya koma na sarkin Katsina. Talaka yana kiran sarki da gatsal ɗin sunansa, ba ko "ranka ya daɗe". Sannan a ƙarshe suka liƙa sunan Habu. Alkawari kaya ne, amma sun sauke shi a kan kabarin wanda ba ya iya musu. Na nemi su cire sunan, har yau shiru.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya gani, mutumin da ke mayar wa ɗalibi takarda saboda gaisuwa ɗaya da ba ta dace ba.

Kwanan baya a Sabon Gari na tarar da 'yan kabu-kabu suna wasan suna dariya. Na matsa kusa, na ce musu sunan aminina ne aka liƙa a ƙarshen wasan. Ɗayansu ya ɗago kai ya ce, "Baba, ƙarya suke. Ni ɗalibinshi ne. Da Mushe ya ga wanga, jan bironshi sai ya ƙare."

Sun ɗauki sunansa, amma kunnen da ya gano ɓarnar, Habu ne ya horar da shi. Allah ya jiƙan ka, Habu. Ka yafe mini.