Tafin Hannun Inna a Cikin Bonet

A garejin bayan tasha kowa Toka yake kiransa. Ba don furfura ba, ko da yake ita ma ta fara leƙowa. Faraima ce ta jawo masa sunan, fentin nan mai ruwan toka da ake fara fesa wa ƙarfe kafin fentin ado. Shekara ashirin yana fesa ta, har ta shige masa farce da gira. Matarsa ta rantse ko atishawa ya yi, toka-toka take fitowa.

Mutum ne mai sanyin hali, amma yana da doka guda. In ya goge mota da samfefa har ƙarfe ya fito tsirara, babu mai taɓawa. Ya ce maiƙon hannu yana hana faraima kamawa, tsatsa ta kwanta a ƙasa, bayan damina biyu fenti ya kumbura kamar ƙurji. Ko ƙuda ne ya sauka, sai ya bi sawunsa da tsumma da tina, ruwan nan mai wanke maiƙo. An ce ya taɓa korar wani babban mutum, mai motar da kansa, daga jikinta, har mutumin ya ba shi haƙuri.

Duk shekarun nan motocin mutane yake gyarawa, shi kuwa keke yake hawa. Sai bara waccan Allah ya ba shi tasa, wata tsohuwa da kaji suka yi 'ya'ya da jikoki a cikinta. Sati uku yana kankare ta. Ya fesa ko'ina, saura saman bonet, wanda ya goge har yana ganin haƙoransa a ciki. Ranar kuma hadari ya haɗo daga gabas, kuma ƙarfe tsirara ba ya jira. In danshi ya same shi, kafin gobe ya yi ja. Ya goge da tina sau uku, ya dama faraima, ya kunna kwamfuresa, injin hura iskar feshi.

Sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta sauko daga tasi da sandarta, ta zo ganin motar autanta. Ita kuwa Inna saboda ciwon gaɓoɓi ba ta fita sai ta shafa man zafi kamar za a soya ta.

"Auta, ita ce wannan? Kai, ma sha Allah!"

Kafin ya buɗe baki ta ɗora tafinta a tsakiyar bonet ɗin, ta fara addu'a. Ta yi wa injin, ta yi wa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa duk wanda zai hau, har kajin da aka kora ba ta bari ba. Da ta ɗaga hannu, ga yatsu biyar suna ƙyalli.

Toka ya tsaya da bindigar feshi a hannu. In ya fesa a kai, tsatsa za ta fito da siffar hannun. In ya goge a gabanta, ya goge albarkar uwa ke nan, matar da ta riƙo hannunsa ta kawo shi koyon aikin nan.

"Inna, shiga shago ki huta, warin nan ba shi da kyau."

"Warin da ka shekara ashirin kana shaƙa? Ina nan." Ta ja benci ta zauna daidai gaban motar.

Mai walda, maƙwabcinsa, ya ɗaga gilashin fuska, dariya na cin sa. "Toka, ga tsumma. Ko dokar ta tafi hutu yau?"

"Rufe bakinka, mai ƙona ƙarfe."

Sama ta yi gurnani. Toka ya dubi hadarin, ya dubi yatsun, sai ya durƙusa gabanta.

"Inna, nan saman bonet rana za ta cinye shi, kowa zai jingina. Ina so hannunki ya zauna inda babu mai taɓawa."

Ya ɗaga bonet. Cikin ya riga ya sha faraima tun jiya, ta bushe. Ya ƙara fesa wata da kauri, ya kamo hannunta a hankali, ya danna a kan ɗanyar. Tafin ya fito rangaɗau, har da zanen layuka.

Inna ta dubi hannunta ya koma toka, ta dube shi.

"To, je ka goge wancan, ka daina zare min ido. Ka ɗauka ban ga yadda kake kallon hannuna ba? Tun kana goye na san fuskar nan."

Mai walda ya faɗi ƙasa don dariya. Toka ya sauke bonet, ya goge saman, ya sake gogewa, ya fesa. Ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a ƙeyarsa suna tura motar ƙarƙashin rumfa.

Yanzu motar shuɗiya ce, damina biyu ko ɗigon tsatsa babu. Inna ta yi sati tana ƙorafin tokar da ta maƙale mata a farce, tana nuna wa duk wanda ya shigo gaishe ta. Shi kuwa Toka, sau biyar a rana yake ɗaga bonet, wai yana duba ruwa. Motar da ruwan injinta ko ɗigo ba ya raguwa.