Auta Gyartai da injin da ke kan jirgin Gidan Tanna

Duk safiyar rani, kafin mata su fito da bokiti, Auta Gyartai yakan naɗe wandonsa ya shiga tabkin Gidan Tanna, gabas da Korgom. Yakan hau tsohon jirgin da ke tsakiyar ruwa, ya taɓa kowane bulon, wato ƙusa mai murɗi, da ke riƙe da injin ban ruwa, ya ɗaure wanda ya saki, sannan ya ja igiya. In injin ya tashi sai ya koma rumfarsa ya ci gaba da ɗinkin ƙwarya, sana'ar da ya gada. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce zai ajiye aikin.

Jirgin wani proje ne, wato shirin raya karkara, ya kawo shi don kiwon kifi. Ba na itace ba ne, ba na ƙarfe ba, wata irin roba ce mai tauri da zare a cikinta. Da fari ya zo a 1984, tabkin ya ƙafe, masu proje suka tafi, jirgin ya zauna cikin rana har ya yi fari fat, awaki na kwana a inuwarsa. Babu wanda ya jefa masa ko tsohuwar tabarma. Kayan gomnati ne, in ji mu, kamar gomnati ce za ta sha ruwan.

Da ruwa ya dawo, hukumar soja ta ce kowa ya yi noman rani, aka ba garin inji biyu. Sai dai tabkin ja da baya yake yi, yana barin taɓo mai kama mutum har gwiwa, injin da ke bakin gaɓa kuwa ba ya kai ga ruwa. Dauda, shugaban samariya, ya kawo shawara mai kyau: a ɗora inji a kan jirgi ya riƙa bin ruwan. Aikin ne aka yi da gaggawa. Samari suka kafa shi da ƙusa da guduma, yadda suke kafa ƙyauren ɗaki. Daɓen jirgin ya tsage, girgizar inji ta ƙarasa shi, ana kallo injin ya sulale cikin taɓo.

Saura inji ɗaya. Mai gari ya kulle shi a ɗaki, ya ce gara ya yi tsatsa da kumandan mai mulkin yankin ya zo ya tarar babu ko ɗaya. Manya suka ce haka Allah ya so. Wannan maganar ta kashe mana abubuwa fiye da fari.

A lokacin Zuhura, wadda mijinta ya rasu a shekarar yunwa, ta riga ta dasa albasa. Awakinta sun ƙare, albasar ce kaɗai ta rage mata. Ta faɗa a gaban mutane cewa ranar da ta bushe za ta kwashi ɗiyanta su tafi Maraɗi bara. Ganyen ya fara kwantawa.

Dauda ne ya ba ni labarin yadda Auta ya zo ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe, a ba ni injin in ɗora shi."

Samari suka fashe da dariya. Dauda ya ce, "Baba Auta, wanga ba ƙwaryar furar Inna Maimuna ba ce."

"Da ita ce kuka buga wa ƙusa, ɗana, da ba ku kwana garin nan ba."

Mai gari ya ce, "In ya faɗa fa? Wa za a ɗaure?"

"Ni. Ka ce gyartai ne ya sace shi."

Mai gari ya ba shi injin. Abin da Auta ya gani shi ne jirgin ɗan'uwan ƙwarya ne: ba ya son duka, sai huda. Ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, ya kauce wa duk inda ya ji sautin ruɓa. Inda ya ji ƙarfi ya huda da basilla, yana murzawa a hankali. Ya sa katakon ƙirya ta ƙasa don nauyin ya bazu, ya shimfiɗa robar tsohuwar taya ta sama don ta shanye girgiza. Ya zura bulon na amalanke suka ratsa duka, ya cika kowane rami da kwalta don kada ruwa ya shiga cikin zaren. Tsohuwar tsagar kuwa ya huda ƙarshenta biyu don kada ta ci gaba, ya ɗinke ta da waya. Dauda, wanda ya yi dariyar, shi ya kwanta cikin jirgin yana riƙe masa katako.

Kai ne, Baba Auta, ka san ɗauri ba a yin sa sau ɗaya a tafi. Kai ne ka shiga ruwan nan rani bayan rani, ba albashi, ba wanda ya aike ka. Mai ɗinke abin da wasu suka fasa, mun gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idanu.

Mu kuma da muka yi lakwal, wato boko, da ku samarin da ke zaune gindin itacen bedi kuna jiran wani proje, kunya ta ishe mu. Auta ya ce duk wanda ya zo zai koya masa, da yatsa da kunne, tunda su ba su mutu ba. Har yau babu wanda ya je.

Zuhura ba ta je Maraɗi ba. Ɗiyanta a gida suka girma, bana ma ta dasa albasa, fili ya fi na bara. Da na ce mata Auta zai huta, ba ta yi dogon zance ba, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran ɗan boko a nan.

"Mushe, to wa zai shiga ruwan gobe? In babu namiji a garin nan, a nuna mini, in ɗaure zane in shiga."