Mai Hular Kwano a Bakin Injin Niƙa

Ga shi nan ya ƙame a bakin injin niƙa na kasuwar Kibiya, da hular kwano sabuwa fil, da 'yar shara mai ƙyalli da ta kasa rufe tumbi. Laraba mai awara tana kallonsa tana taɓe baki. Wai shi ne sakataren ƙungiyar kare lafiyar ma'aikata, wai har sun ƙulla zumunci da 'yan uwansu na Ghana da Malesiya. Daga ganin hannun nan luƙui-luƙui, ko tiya ɗaya bai taɓa ɗagawa ba. Ƙila ƙofar ofis ma sai an buɗe masa.

Ita dai idonta na kan kwalin takunkumin rufe hanci da ya maƙale a hammata, don yayanta Jabiru ne a kan injin, kuma tun kaka ƙurar dusa ta sa shi tari.

Mutumin ya zaro guda, ya ɗaura wa Jabiru, ya dafa shi da yatsa biyu, ya ɗaga waya yana washe baki.

"Malam, ɗago kai, har ƙasar waje za a gan ka!"

Yana gama hoton ya kwance takunkumin, ya karkaɗe, ya mayar kwali.

"Kai Alhaji! Ba za ka bar masa ba?" in ji Laraba.

"Haba 'yammata, masu injin Rano ma suna jiran hoto."

Ya shige mota abinsa. Jabiru ya ja wuyan riga ya rufe hanci, ya tayar da inji.