Na Dangwala Yatsana A Madadin Nata

A wancan lokacin ni magatakarda ne a wani ofishin masu awon filaye a nan Minna. Albashina yana riƙe gidana, amma a danginmu wannan ba abin faɗa ba ne. In ana suna ko ɗaurin aure, ƙanena mai shago a Kasuwar Kure ake shimfiɗa wa darduma, ni kuwa a tura ni in duba ko abinci ya isa. Ran nan kawuna ya tambaye ni a gaban jama'a, wai ofishin namu ne ba a samu, ko ni ne ban iya zama ba. Aka kwashe da dariya. Wallahi maganar nan ta ci min rai.

Ba a jima ba wani dillali ya same ni. Akwai wata gona a bakin kogin Chanchaga ta wata tsohuwa mai sayar da nono a Tudun Fulani, wadda ta taɓa kawo mana takardunta aka yi mata awo. Ya ce abin da yake so kawai takardar da za ta nuna ta sayar, tun da ba ta rubutu, yatsa ake dangwala mata. Na rufe ƙofa, na tsoma babban yatsana a tawada, na danna a ƙarƙashin sunanta. Wa zai tsaya duba yatsar mai nono? Cikin wata guda na sayi mota. Kawun nan da bakinsa ya riƙa kirana babban mutum, kuma ko mutum ɗaya bai tambaye ni ina na samu ba.

Da tsohuwa ta tarar ana sauke bulo a gonarta, sai ta kai ƙara. Aka daɗe ana shari'a, har alƙali ya sa aka ɗauki yatsun dukanmu 'yan ofis. Mai binciken zanen yatsu ya ajiye nawa kusa da na takardar, ya miƙo min gilashin ƙara girma. Subhanallahi! Na ga layuka sirara suna zagaye, da ɗan tabon da wuƙa ta yi min ina yaro, duk ga su nan. Duk yawan bayin Allah, ba mai wannan zanen sai ni. Na kasa musu.

Na rasa aiki, na yi zaman gidan yari. Da na fito na je har gidan tsohuwar na durƙusa, na ce Inna ta yafe min. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta zage ni ba. Sannan ta ce nata haƙƙin ta yafe tun tuni, amma gonar gadon jikokinta marayu ce, kuma shanunsu aka sayar aka yi shari'ar. Ta ce ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba, in jira su girma in tambaye su. Ban taɓa jin kwarjinin mutum kamar na matar nan ba.

'Yan'uwana ma'aikata, masu zuga ku ku yi kuɗi ba za su raka ku neman gafara ba. Ni kaɗai na je. Ku ji tsoron abin da hannunku zai sa wa takarda. Ƙaramin cikin marayun nan bana ya shiga firamare, kullum roƙona Allah Ya ba ni tsawon ran da zan ji amsarsa.