Ranar da Na Wanke Albasar Baba

Duk wanda ya san ni a bakin ruwan Yawuri ya san bakina ba ya awo da ƙaramin mudu. In na kama karfasa ɗaya, kafin in iso gida ta zama giwan ruwa, kafin la'asar kuma sai da ƙarti huɗu aka ciccibe ta. Mutane na dariya, ni ma ina yi. Labari ɗaya ne ba na sa wa gishiri, don da ɗacinsa ya zo.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Babanmu manomin albasa ne, mutumin gungu, wato tsibiri. Da aka tare ruwa a Kainji tsibirinmu ya nutse, aka kwaso mu aka zube a tudu, cikin ɗakunan siminti masu zafin tanda. Abin kirki ɗaya da Baba ya fito da shi shi ne irin albasar kakansa, a cikin gora. Ja ce, mai nauyi, in ka yanka ta a Yelwa sai mutanen Shanga sun share hawaye. Maƙwabta duk sun koma irin kasuwa mai saurin nuna. Baba kaɗai ya riƙe namu.

Irin albasa ba ya ajiyuwa, in ya wuce shekara a gora ya mutu. Dole kowace shekara a zaɓo uwaye daga rudu, inda ake jibge albasa, a sake dasa su, su yi fure su ba da sabo. Shekarar da nake magana, damina ta ruɓar mana da mafi yawan rudun. Baba ya tsince abin da ya tsira ya dasa a fangali shida, wurin da tafkin Kainji ya janye. Ba iri a gora, ba uwa a rudu. Duk abin da ya rage mana na gungu yana tsaye a fangalin nan shida.

In ka goga yatsa a jikin lawashi, wato ganyen albasa, wani fari-fari yakan biyo yatsanka. Baba na kiransa maiƙo, kuma ba ya son a taɓa. "Bar mata abinta," yakan ce. "Ita ma mai take shafawa, kamar Innarku." Ni kuwa a idona ƙura ce. Sai bayan na yi furfura ɗiyar ƙanwata, wadda ta karanta ilimin tsirrai, ta zaunar da ni ta ce tsohon ya fi ni gaskiya. Wai a cikin ganyen ake haɗa man, akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, aikinsu dako, su ɗauko man su fito da shi bisa fatar ganye. Shi ke hana ruwan jikin shuka tserewa a rana, shi ke sa raɓa ta gangare, cuta ta rasa wurin zama. Na ce ashe 'yan dako na kora daga aiki. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Uwayen sun fitar da kara, kawunan fure sun fara kumbura, sai ƙwari suka sauka, ƙanana, masu tsotse ganye har ya yi fari. A makon ne aka yi rasuwa a danginmu na Warra, Baba ya shiga jirgin ruwa zuwa gaisuwa. Yana kan jirgin ya juyo ya ce mini, "Ban ruwa kawai. Bakinka ya yi aikinshi, hannunka ya bi a hankali."

Bai yi nisa ba na tafi wurin malamin gona, ya ara mini famfon feshi na goyo da magani. Na fesa, maganin ya dunƙule ya gangare kamar ruwa a bayan agwagwa. Na koma na ce, "Malam, albasarmu ta ƙi shan magani."

"Haka take. Sa ɗan garin sabulun wanki, zai kama." Ya haɗa yatsu biyu ya nuna mini. "Ɗan kaɗan fa."

A nan na yi lissafi irin namu na waɗanda aka taso. Tun da aka kawo mu tudu, duk abin da ma'aikaci ya miƙo mana ragagge ne: ɗaki kaɗan, gona kaɗan. Na ce a raina kaɗan ɗin gwamnati rowa ce, wannan karon ni zan cika wa albasarmu mudu. Na sayi babban ƙunshi na zazzage shi duka. Kumfa ta taso har tana bin wuyana. Na fesa da hantsi, na maimaita da azahar don kada wani ganye ya ce an yi masa wariya. Fari-farin nan ya wanke tas, gonar ta yi kore shar tana walƙiya. Na je bakin jirgi ina faɗa wa masunta cewa yau albasarmu ta yi wankan da tun zamanin kakana ba ta yi ba, mutum na iya duba fuskarsa a lawashi ya gyara hula.

Kwana biyu ganyen ya yi laushi, bakinsa ya ƙone. Raɓar tafki da ke gangarewa da can, yanzu sai ta kwanta a jikin kara har hantsi. Tabo ya fito, mai duhu, ya zagaye karan fure kamar zobe. Ina ban ruwa ina jin kararen suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da Baba ya dawo, ko gida bai shiga ba. Ya tsuguna a fangali na farko, ya goga yatsa a ganye, ya duba yatsan. Ya matsa gaba ya sake gogawa. Haka ya bi duka shidan.

"Ina maiƙonta?"

"Baba, ni na wanke shi. Malam ya ce in sa sabulu kaɗan, na zazzage ƙunshi guda, babba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ƙunshi guda."

"Wallahi, Baba."

"Kai dai ba ka gajiya. In ka ce ƙunshi, cokali ne. Cokali ɗaya ba shi kashe gona." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ƙasar ce. Tun da muka zo take yi mata kawaici, bana ta gaji. Albasar gungu ba ta tudu ba ce."

Na rantse, na kawo takardar sabulun na nuna. Inna ta karɓa ta juya ta, ta ce ai wannan irin wadda take wanki da ita ce, in daina wasa da abin da ke cin ran tsoho. Na faɗa a majalisa, aka kwashe da dariya, wani ya ce gobe kuma buhu zan ce. Na nemi ko mari ɗaya a garin nan, ban samu ba.

Kawuna kaɗan ne suka kai ga bushewa. Baba ya murje su a faifai, ya sheƙe, abin da ya zauna bai cika tafin hannu ba. Da lokaci ya yi ya gyara wuri kamar faɗin tabarma, ya yafa, ya rufe da ciyawa. Ni ke ɗebo ruwa, shi ke yayyafawa da hannunsa. Kullum da safe sai ya ɗaga ciyawar ya leƙa. Mako uku muna haka, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Ran nan ya kwashe ciyawar duka ya kai wa awaki, ya ce in je Yelwa ranar kasuwa in auno masa irin da kowa ke shukawa.