Marubucin da Kassim Ya Nema

Kassim mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gadarif, amma tun da waya ta kashe masa sana'a, aikinsa ya koma neman mutumin da bai taɓa gani ba.

Abin ya faro ne ranar da mai riɗi ya ƙunsa masa awo a wata tsohuwar takarda. Ajami ne, Hausa tsantsa, bugun inji irin na da can. Labarin waɗansu maniyyata ne da suka shiga jirgin ƙarfe za su ratsa taurari, guzuri ya ƙare musu a wata duniya mai rana biyu, suka ce bari su yi noma damina ɗaya su wuce. Jikokinsu na can har yanzu suna cewa baɗi. Kassim ya karanta a tsaye, ya ga ai kakanninsa ne, da suka baro ƙasar Hausa za su hajji suka zauna a nan, aka sa a jirgi. A ƙasan takardar an rubuta "Wani Matafiyi", shi ke nan.

Shekara goma sha ɗaya yana bin sawun Matafiyin nan. Ya tara 'yan littattafansa bakwai, biyu gara ta ci rabinsu. Ya je Mafaza, ya je Hawata, ya bi masu girbi har Fashaga saboda an ce wani tsoho a can ya haddace ɗaya. Kowace majalisa ya zauna, kowane limami ya gaishe. Wannan ya ce tela ne, wancan ya ce wani malami ne da ya haukace. Har takardar tambayoyi ya buga, guda goma sha biyu, wai ranar da ya samu mutumin kada ya manta da komai. Kwafinta ya cika gida, matarsa Fatna har wuta take hurawa da shi.

Shi dai maza yake tambaya. Bai taɓa kawo wa ransa wani abu daban ba.

A bayan dangar gidansa surukarsa Hajja ke zaune, uwar Fatna, tun rasuwar mijinta. Kassim mutum ne mai kunya, ana ma yabonsa a kan haka. Shekara ashirin da shida bai ci abinci a gabanta ba, bai haɗa ido da ita ba, bai ambaci sunanta ba. Da safe ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa daga ɗaki. In ya hango ta a hanya, ya sake lungu. Wani lokaci Fatna kan ce, "Hajja ta ce a tambaye ka, ka samu mutumin naka?" Sai ya ce, "Ki ce mata lissa, da saura." Ya ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi.

Bana, bayan girbin riɗi, Hajja ta rasu. Da aka yi bakwai, mata suka buɗe akwatinta na ƙarfe za a raba tufafi. Da hantsi Fatna ta fito ta aje masa wani ƙunshi a kan tabarma.

"Ya Kassim, duba wannan. Ni ajami ba na karantawa."

Takardu ne rubutun hannu, tawadar allo. Jirgin ƙarfe, rana biyu, duk suna nan, har da labari na takwas da ba a buga ba. Ya gaya wa Fatna abin da ke ciki, ya tambaye ta yadda aka yi suka shiga akwatin Hajja.

"Baba ne ke kai mata wurin mai inji, muna yara. Na zaci addu'o'i ne. Tatsuniyar jirgin kuwa ai Hajja ce ke yi mana ita, wallahi. Kai ba ka taɓa gaya mini abin da ke cikin littattafan naka ba."

Gaskiyarta, bai taɓa ba.

A ƙarshen ƙunshin ya ga takardar tambayoyinsa, gefenta ya ɗan ƙone. Hajja ta amsa su duka, da ƙaramin rubutu. A ina ka yi karatu? Wurin mahaifina a Mafaza, ina bayan ƙofa ana koya wa maza. Me ya sa rana biyu? Na yi shuka a Fashaga, ɗaya ta yi kaɗan a faɗi zafin. Kana raye? Yau dai. A ina za a same ka? Bayan dangarka. Ina jin ka kana karanta wa abokanka, kana sauri da yawa.

Kassim ya jira kuka, kuka bai zo ba. Ya jira baƙin ciki ko haushi, shiru. Jikinsa ya yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai. Ya sha shayin da aka kawo, bai san ko da sukari ba.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Ya ɗauko babban littafin bincikensa, ya buɗe shafin farko da ya bari fari tun farkon fari domin sunan marubuci. Maƙwabcinsa Omer mai takalma ya leƙo, ya ce, "Ya zol, mutumina, an ce ka same shi. Wane ne?"

Kassim ya buɗe baki. Sunan yana nan, ya san shi tun ranar ɗaurin aurensa, amma harshensa bai san hanyarsa ba. Ya sunkuyar da kai kamar Hajja na tsaye a ƙofa, ya rubuta Lailatu, ya juya wa Omer littafin ya karanta da kansa.