Abin da Na Share a Kamiyon Baba Ba Datti Ba Ne

Assalamu alaikum. Ni 'yar Matameye ce, kuma lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da dawowa daga Damagaram ba, inda na yi karatun kwamfuta. Gaskiya kaina ya kumbura a lokacin. Wayar kowa a unguwa in ta yi nauyi ni ake kawo wa, in goge tarkace in mayar, ana sa mini albarka. Ga shi da ma ni mutum ce mai ƙin tarkace, ko kwano na gani ba a wurinsa ba sai na ɗauke.

Mahaifinmu direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ya tsufa a kan hanya, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Hannun dama ya mutu, na hagun ma ƙarfinsa kaɗan ne. Yayana, wanda ko lakwal, wato makarantar boko, bai gama ba, gyaran waya yake yi in ya tafi cirani Kano, shi ya samo masa wasan tuƙin mota na kwamfuta da ɗan sitiyarinsa. Hanyoyin Turai ne a cikin wasan, sai Yaya ya zauna yana liƙa masa ƙari, abin da masu wasa ke kira mod, wasu ya ɗauko a intanet, wasu shi ya haɗa. Damina biyu ya yi a kan wannan aiki. Sai ga hanyar Matameye zuwa Kance zuwa Damagaram a allo, da gawo da rumbuna, da shuɗin kamiyon Baba shaƙe da rake. Kullum bayan la'asar Baba zai tuƙa da hannu ɗaya, yana yi wa masu amalanke faɗa kamar suna jin sa. A nan kaɗai muke jin dariyarsa.

Bayan Yaya ya koma Kano, na ƙara wasu mod uku don in gwada tawa bajintar, sai wasan ya fara sandarewa. Na kira shi. Ya ce mod biyu ne ke jan abu ɗaya, akwai manhajar da ke tsabtace su, amma in fara kwafe komai a kile, wato ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya, ina gwada wasan bayan kowane. Ya nanata cewa kar in taɓa wanda ya sa wa suna hannun Baba. Na ce to, a raina kuwa ina cewa wai mai gyaran waya ne zai koya mini aikina. Ban kwafe komai ba. Na haɗa su duka na danna sau ɗaya. Manhajar ta nuna cewa abin da ke cikin mod ɗin nan mai suna hannun Baba maimaici ne, daidai yake da na asalin wasan, ta kira shi datti, ni kuma na share.

Wasan ya daina sandarewa, ina ta jin daɗi. Da la'asar Baba ya zauna, ya fita daga gari lafiya, amma da ya zo kwanar Kance sitiyarin ya ƙi juyuwa, kamiyo ya faɗa gona. Sau uku yana gwadawa. Daga nan ya ɗora hannun hagu a cinyarsa ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ce a hankali ashe shi ma wannan ya fara tafiya, a ɗauke sitiyarin. Nan take na gane aikina ne, amma kunya ta rufe mini baki. Kwana bakwai ina kallon sa yana ture kwanon tuwo, ina ɓoye ina taɓe-taɓe a kwamfuta ba nasara. Sai da na ji Inna tana shirin kai shi likita Damagaram sannan na kira Yaya ina kuka, na gaya masa abin da na yi.

Na zaci zai wanke ni tas. Amma abin da ya fara tambaya shi ne ko Baba yana cin abinci. Ya bayyana mini cewa mod ɗin lodin rake yana sa sitiyari ya yi nauyi, shi ya sa da gangan ya sake rubuta saitin asali a ƙarshe, don ya danne wancan, hannun Baba ya iya juyawa. Manhajar ba ta san da hannun Baba ba, maimaici kawai ta gani. Ya ce in buɗe jakar fatar da Baba ke ajiye tsohon lasisinsa. Na buɗe, sai ga kilen da Yaya ya ajiye, komai yana ciki, har da bayanin kowane mod da Hausa, abin da yake yi da wanda ba ya shiri da shi. Ya rufe rumfarsa yini guda yana bi da ni ta waya, ɗaya bayan ɗaya, bai ce mini ai na faɗa miki ba ko sau ɗaya. Ni mai takarda ban taɓa ganin aiki mai tsari irin nasa ba.

Na durƙusa na gaya wa Baba gaskiya. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa barin makanike ya kwance abu biyu a lokaci ɗaya ba, sannan ya ce in miƙo sitiyarin. Da ya wuce kwanar Kance lafiya, sai ya ɗaga hannun ya juya shi yana dubawa.

Masu irin wannan aiki, ku kwafe kafin ku taɓa, ku bi a hankali, kuma in mai abu ya ce kar a share, ku tambaye shi dalili. Kilen Yaya ya dawo mini da wasa cikin yini ɗaya, amma kwana bakwai ɗin da Baba ya yi yana zaton hannunsa na ƙarshe yana mutuwa, ba su cikin kowane kile.